Libarbar Kaka da Masu Cewa Ƙarya Ne

Tun da na ambaci cewa a gidanmu na Bagwai an gaji libarba, wasu masu karatu suka hana ni sakat. Wani Bazazzage cewa ya yi, shi a saninsa abin da ake gada a Bagwai bai wuce fartanya da bashin taki ba. Malam, na ji. Amma kai da kake wucewa ta gaban Barikin Chindit kullum a Zariya, ka taɓa tambaya daga ina sunan ya fito? Daga dajin ƙasar Bama ne, inda sojojin Nijeriya suka yi yaƙi da Japan a 1944. Ƙauyukan arewacin Kano sun ba da 'ya'yansu a wannan tafiya, har da Kakanmu, kuma ba duka suka dawo hannu rabbana ba.

Wani kuma ya ce ai bindigar toka ce muka sa wa sunan gayu. Haba ɗan'uwa. Ta toka ta baki ake ɗura mata albarushi, a harba sau ɗaya a koma neman tsumma. Wannan kuwa gidan harsashinta shida ne, yana juyawa, kuma ta tsakiya ake karya ta kamar wuƙar aljihu. A gefenta an buga Webley, an buga Mark VI, ga shekarar 1917, ga wata 'yar alama mai kama da kan kibiya wadda gwamnatin Ingila ke sa wa kayanta. Maƙeran Bichi gwanaye ne, ban musa ba, sai dai ban taɓa jin sun buɗe reshe a Birmingham ba.

To kada ku yi saurin murna, domin rubutun da ke jikinta bai bar mutanen gidanmu ma sun tsira ba. Baffanmu babba ya rantse cewa daga hannun wani Bature aka ƙwace ta ranar da Kanar Morland ya fasa ganuwar Kano a 1903. Labari ne mai daɗi, musamman bayan tuwon dare. Matsalar ita ce sojan Ingila ba su karɓi samfurin Mark VI ba sai 1915. In dai har an ƙwace ta a 1903, to an ƙwace ta shekara 14 kafin a ƙera ta, wanda ko a Bagwai ba ƙaramar bajinta ba ce. Gwaggo kuma ta fi son a ce daga ƙugun hafsan Japan Kaka ya zaro ta. Hafsoshin Japan Nambu suka fi ratayawa, ƙirar ƙasarsu. Da na faɗa mata haka sai ta ce, "Kai yaro, kana nan aka yi?" Na ce ba na nan, Gwaggo. Ita ma dai ba ta nan, amma wannan a zuci na bar shi.

Abin da ƙarfen ya yarda da shi kaɗan ne. Kayan gwamnatin Ingila ce, ta zamanin yaƙin duniya na farko, mai cin harsashin .455. An ci gaba da raba irinta a yaƙi na biyu saboda ƙarancin makamai, ko da yake tun 1932 an kawo Enfield mai .38 don ta maye gurbinta. Don haka zuwanta Bama ba abin mamaki ba ne. Sai dai libarba ta hafsoshi ce da wasu masu aiki na musamman, kurtu doguwar .303 yake saɓawa. Ni a ganina Kaka yaron wani hafsa ne, mai goge masa takalmi da bindiga, kuma ranar sallama ko dai an ba shi ko dai ya manta bai mayar ba. Allah ya jiƙansa, mantuwa ba ta cika damunsa ba sai a irin wannan wuri.

Masu cewa in da gaske ce da tuni ta ruɓe, ku ne kuka fi kusa da gaskiya. Ta sha wuya. An bar ta shekaru a cikin kubenta na fata, ita kuwa fata tana riƙe danshin damina ta shayar da ƙarfe tsatsa a hankali. Wani ƙane mai kishin gida ya taɓa dirje ta da toka da yashi kamar tukunyar biki, har ya kusa shafe lambar da ita kaɗai ce shaidarmu. Wani ya shafe ta da man gyaɗa, ya daskare, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai. Tsohon ƙarfe ɗan man keken ɗinki yake so a tsumma mai laushi, a ajiye shi a busasshen wuri, a raba shi da fata. Batun a gwada ta kuwa, wanda ya gaji da yatsunsa ne kawai zai fara.

Sai wanda ya aiko yana tambayar nawa za mu sallama. Alhaji, ka yi haƙuri, mu biyun muna da iyali. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba a jerin haramtattun bindigogi, ba a riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma ɗaurin ba ya gaza shekara 10. Dokar ba ta ware tsohuwa ko mai tsatsa ba, ba ta kuma san Kaka ba. Shi ya sa muka ɗauki hoton kowane rubutu da ke jikinta, muka kwafe lambar a bayan takardar sallamarsa ta soja, aka miƙa ta ga 'yan sanda aka karɓo rasit. Ni Gidan Makama na so a ce ta ƙare, a bayan gilashi, amma wannan ba hukuncina ba ne. Rasit ɗin yana wurin Gwaggo. Bazazzagen da ke son ganin shaida ya zo ya tambaye ta da kansa, sai dai ya taho da goro, kuma kada ya kuskura ya ambaci Nambu.