Jif Ɗin da Kake Mafarki, a Nan Ɗaki Take Ja

Indiyanapolis, Amurka

Zuwa ga taubashina, sarkin ragwayen Limawa,

Saƙonka na murya ya iso, har na kunna wa uwargida ta ji yadda kake rantsuwa wai in ban aiko maka da Lexus kafin Babbar Sallah ba, babu ni babu kai. To gyara zama ka ji aikin da motar take yi a nan, sai ka faɗa min ko har yanzu kana so.

LX 570 ɗin nan da kake gani a titin sakatariyar Dutse, baƙin gilashi, jiniya gaba jiniya baya, kana cire hula kana ɗaga hannu ko ba a san da kai ba, wani dattijo da muke katanga ɗaya da shi yana da irinta sak. Ɗaki yake ɗaura mata a baya ta ja. Wallahi ɗaki na gaske, da gado da firji da murhun gas da makewayi da wurin wanka, duk a kan taya huɗu. A arewacin jiharmu ta Indiyana akwai garin Elkhart, yankinsa ne ke ƙera mafi yawan irin waɗannan ɗakuna a Amurka. Dattijon ya gayyace mu da iyali zuwa bakin tafkin Mishigan, kuma kafin mu tashi sai da ya zaunar da ni ya yi min karatu.

Na san abin da za ka ce: injin V8 ne, ko dutsen Garu aka ɗaura mata za ta ja. A'a. Kamfanin ya rubuta iyakarta, wajen kilo 3,175, kuma ba ma nan gizo ke saƙar ba. Ɗakin yana hawa ne a kan wani ƙwallon ƙarfe da ke bayan motar, kuma dole kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa ya sauka a kan ƙwallon nan. Ɗaki mai kilo 2,500 ke nan yana danna bayan motar da kilo 250 zuwa 375, kafin mutum ɗaya ya shiga. Sai a haɗa da nauyin fasinja da kayansu. Irinka da ke tashi da malmala uku, ai kai kaɗai ka cinye rabin lissafin. Ruwan tanki ma ana ƙirga shi, kowace lita kilo guda. Shi ya sa muka biya ta sikelin manyan motoci aka auna mu tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne ilimin nan muna da shi a gida tun tuni. Ka tuna amalanken Kawu ranar kasuwar Shuwarin? In aka jibge buhunan gero a baya, karkiya ta ɗaga wuyan shanu sama. In aka tara su a gaba, ta danne su har su durƙusa. Haka yake a nan. Kaya suka yi yawa a baya, ɗakin ya fara kaɗa gindi dama da hagu, yana iya kifar da motar. Suka yi yawa a gaba, tayoyin gaban motar su yi sakayau, sitiyari ya ƙi jin magana. Akwai wasu sandunan ƙarfe da ake ɗaurewa don su raba nauyin, da sarƙa biyu da ake gittawa a ƙasa ko da ƙugiya ta kuɓuce. Ɗakin kuma da nasa birkin na lantarki. In iskar tirela ta kaɗa shi, dattijo ya ce kada a kuskura a danna birkin mota da ƙarfi: a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sosai, a matsa birkin ɗakin da hannu. Mai kuwa, kusan ninki biyu take sha.

Ribas ne zai kashe ka. In kana so ɗakin ya yi hagu, dama za ka murza. Kai da har yau sai yaran unguwa sun taru suna “zo, zo, tsaya!” kafin ka fitar da Golf daga lungu, ranar sai an rufe Limawa gaba ɗaya.

Amma tafiyar ta yi daɗi, taubashi. Mun yi sallar asuba a kan yashi, ruwa har iyakar ganin ido, uwargida ta dama kunu a cikin ɗakin kamar tana gida. Gwaggo na yi ta tunawa, yadda tafiya Kano kawai ke kwantar da ita saboda ciwon baya da rashin wurin kama ruwa a hanya. Ba a so a zauna a ciki ana tafiya, amma duk inda aka tsaya da ta samu gado da makewayinta.

Saura aiki ɗaya. Duk abin da aka yi a makewayin nan yana taruwa a wani tanki, kuma mai ɗakin ne ke sa safar hannu ya jona mesa ya zubar. Wannan na ajiye maka, tunda kai ne bawan gidanmu. Kuɗin sharanka na bana ma har da shi na lissafa.

In ka amince, auno min faɗin lungunku da igiya ka aiko. Ka haɗo da dabinon Dutse, na nan ba ya kama ƙafarsa. A gaida Gwaggo da Kawu da Liman.

Naka, ubangidanka na Amurka.