Hoton kifi ya fi kifi daraja

A ɗakunan matan Yelu, da na sauran garuruwan kwarin Dallol Mauri har zuwa Gaya, an samu sabon kayan jere. Da kwanon samira da tangaran ake cika ido, yanzu kuwa sai ka hangi kwalba a tsakiya, an juya fuskarta wajen ƙofa don baƙo ya gaisa da ita kafin ya gaisa da masu gida. A jikinta akwai hoton kifi, ko na wani jaririn Bature mai kumatu. Wasu na ce mata man kifi, wasu bitamin, masu zurfin ilimi kuma maganin ƙwaƙwalwa. Uwar da ba ta da ita sai ta riƙa jin kamar ta yi wa ɗanta rowar zama likita. A gidan suna ana tambayar juna, "Yaya, wane iri kike ba naki?" Amsar da ta fi ɗaga kai ita ce wadda sunanta ya fi wuyar faɗa. Ni abin da nake gani, ba buƙatar yaro muke aunawa ba idan za mu sayi magani. Tsadarsa muke aunawa, da nisan garin da ya fito.

A dubi tafiyar da kwalbar ke yi kafin ta iso. Kifin da ake tatsar man hantarsa a tekunan sanyi na arewacin Turai yake, wajen Norwe da Aisland. A ɗura, a yi masa kwali, ya sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ya haura zuwa kasuwar Malanbil, ko kuma ya zagayo ta Najeriya ya ɓullo ta Kamba. Da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kwalekwale ne suka karɓi aikin tsallakar da kaya. Ke nan man kifin Turawa ya riƙa ratsa kogin Kwara a jirgin Sarkawa, yana wucewa ta saman kan tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, su kuwa suna ƙasa ba mai tambayarsu ko suna da mai. Daga nan sai tiren mai tallar magani, a kai, cikin zafin bazara da ke haura digiri 40. Man kifi kuwa ba ya shiri da zafi da haske, lalacewa yake ya yi ɗoyi. Amma da yake an riga an gaya mana magani mai kyau ba ya daɗi, in yaro ya yamutsa fuska ya tofar, sai a ce, "Ka gani ko? Yana aiki."

Ba wauta ce ta sa Turawa shan man hantar kifi ba. A biranen masana'antu na Ingila hayaƙin kwal ya tare rana, yara suna girma a lunguna masu duhu, ƙafafunsu suna lanƙwashewa saboda ƙashi ya kasa ƙwari. A 1919 Edward Mellanby ya nuna a kan ƴan kwikwiyo cewa man hantar kifi na warkar da wannan ciwo, daga baya aka gane sinadarin da ke aikin, aka sa masa suna bitamin D. Shi wannan bitamin fatar mutum da kanta take ƙera shi idan rana ta taɓa ta. To mu a Yelu, me muka fi arziki da shi in ba rana ba? Mai gardama zai ce ai a ƙasar Hausa ma ana ganin yara masu gwame da bakan ƙafa. Gaskiya ne, kuma an bincika. A Jos, likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun wallafa a 1999 cewa yaran da ke da wannan ciwo sun fi warkewa da kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, a kan bitamin D shi kaɗai, domin abincinsu ne ba shi da kalsiyam ɗin. A 2015 kuma suka wallafa gwajin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, ƙafafu suka warke. Wato ƙayar da ake tsincewa a jefa wa kyanwa tana cikin maganin, in an daka ta lukui an zuba a kunu ko miya.

Saura batun ƙwaƙwalwa, wanda shi ne jarin mai talla. "Hajiya, cokali ɗaya safe da yamma, kafin shekara sai kin ga yana lissafi da ka." Turawan da kansu sun yi wannan mafarki kafin mu. A 2006 hukumar gundumar Durham ta Ingila ta raba wa dubban ɗalibai ƙwayoyin man kifi gabanin jarrabawa, da ganga da kakaki, amma ba ta ware wasu ɗaliban da ba su sha ba don a kwatanta, sai abin ya koma abin dariya a jaridu. Masana a Oksfod sun yi gwaji na tsanaki, a 2012 suka ga ɗan ci gaban karatu ga yaran da suka fi rauni. Da suka maimaita, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna komai ba. Gaskiya ƙwaƙwalwar jariri tana buƙatar irin kitsen da ke cikin kifi, kuma akwai shi a nonon uwa. Amma cewa yaro mai lafiya zai zarce ƴan ajinsu don an ɗura masa cokali, wannan har yau a bakin ƴan kasuwa kawai ya tabbata.

Yanzu ga inda abin ya fi ban dariya, ko ban haushi. Akwai bitamin ɗaya da bincike ya tabbatar yana hana yara mutuwa a ƙasashe irin tamu, shi ne bitamin A. Alfred Sommer ya nuna a ƙauyukan Ace na Indonesiya a 1986 cewa ba yara shi sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka tattara gwaje-gwajen da suka biyo baya, ragin ya tsaya tsakanin kashi 12 zuwa 24 cikin ɗari. Rashinsa ne ke kawo dundumi, ya kuma sa ƙyanda da zawo su fi kisa. Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka haɗa rabonsa da ranakun rigakafin shan inna, tun 1997. Shuɗiyar ƙwaya ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan shekara 1 zuwa 5, a yanke bakinta da almakashi a matsa a bakin yaro, sau da yawa tare da maganin tsutsar ciki. Har ƙofar gida ake kawowa, ba a karɓar ko dala. To nan ne Maigida ke zama babban mai bincike. "Ku dakata tukuna. Me ke cikinta? Wa ya aiko ku? Don me kyauta?" Tambayoyi ne masu kyau, wallahi. Sai dai mutumin nan jiya ya ƙirga jikkuna ya miƙa wa yaron da ke yawo da tire, ya karɓi kwalba mai rubutun da shi da mai sayarwar ba wanda ya iya karantawa, bai tambayi komai ba sai ragi. Laifin jar ƙwayar nan biyu ne: ba ta da tsada, kuma ba a iya jere da ita.

Sai kuma a leƙa rabon tuwon dare. Idan kifi ya shigo gida, tsakiyarsa mai tsoka ta akushin Maigida ce, kai na uwargida, yaro kuwa romo da lallashi, wai kada ƙaya ta maƙale masa. Hanta, wadda tun kaka da kakanni aka san tana maganin dundumi, a tsinken mai tsire take ƙarewa a majalisar maza. Ƙwai kuma an ce yaro in ya saba da shi ɓarawo zai zama, don haka da damina ake tara ƙwan zabi a kai bakin hanya a sayar wa matafiya. Da kuɗin sai a sayo kwalbar da za ta yi ƙoƙarin maye gurbin ƙwan. Ban san ɓarawon da alƙali ya taɓa tambaya ƙwai nawa ya ci yana ƙarami ba. Duk wannan a yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ƙasar mangwaro da zogale da kabewa da dankali, ga manja na shigowa daga Benin, dukkansu cike da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A.

Za a ce mini talauci ne, ba kowane gida ke ganin kifi ba. Haka ne, kuma ba da gidan da ya rasa nake ba. Gidan da ya iya sayen kwalba ya iya sayen ƙananan busassun kifi da ƙwai na kwanaki da dama da kuɗin nan. Za a ce kifin kogi bai kai na teku irin wannan mai ba. Wannan ma gaskiya ne, sai dai kifin gwangwani da na ƙanƙara da ke kasuwanninmu na teku ne, kuma suna zuwa da tsokar da ke gina jiki, abin da cokalin mai ba shi da shi. Za a kuma ce akwai yaran da lallai suna buƙatar ƙari: bakwaini, mai ƙarancin jini, mai tamowa. Ƙwarai kuwa. Su ma'aikacin asibiti ne ke auna su ya rubuta abin da ya dace da adadinsa, kuma tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko da yake kowa ya san wani lokaci ana tarar da kantar magani wayam. Abin mamaki, Plumpy'Nut da ake ba mai tamowa, wanda ake sarrafawa a Yamai, shi da yake magani na gaske sai ka gan shi a kasuwa, ƙato da gemu yana tsotsa.

Da abin ya tsaya a asarar kuɗi, da sai mu yi dariya mu wuce. Bitamin A da D ba sa fita da fitsari kamar wasu, taruwa suke a jiki. Uwar da ta haɗa man hantar kifi da bitamin kala biyu don kishiya na ba nata kala ɗaya tana iya jawo wa jariri amai da kumburin maɗiga. Da yawa daga ruwan "maganin cin abinci" da ake sayarwa da sunan bitamin suna ɗauke da sifroheftadin, maganin borin jini ne mai sa barci, ba a yarda a ba ɗan ƙasa da shekara 2 ba. Yaro ya yi laushi yana gyangyaɗi, a ce ya natsu. Kuma ruwan magani mai zaƙi da ba a san asalinsa ba ya taɓa yin ɓarna a kusa da mu: My Pikin, na fitar haƙori, ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, a Gambiya kuma wajen yara 70 suka rasu a 2022 bayan shan gurɓataccen maganin tari.

Don haka, Maigida, ranka ya daɗe, tambayoyin nan uku da kake tsare masu rigakafi da su, ka ajiye su ga mai tire in ya sake sallama. In masu jar ƙwaya sun zo, a fito musu da yaran duka, har na goye da ya cika wata shida. Daren da aka dafa kifi kuma, a fara cire wa ƙaramin gida tsoka kafin akushinka ya bar madafa.