Haƙoran Keke da Gwiwar Dattijo

Abin hawan da dattawan Katanga da ƙauyukan da ke tsakanin Jega, Aliero da Maiyama suka saba da shi shi ne baƙin keke, irin Raleigh na Ingila ko Phoenix na ƙasar Sin, kuma nauyin tuƙinsa ya rataya ne a kan faifai biyu masu haƙora waɗanda sarƙa ta haɗa, babba a jikin feda, ƙarami a tayar baya. Idan babban yana da haƙora 44, ƙaramin kuma 22, zagayen feda ɗaya yana juya taya sau 2, wato kusan mita 4.5 a taya mai inci 28. Idan kuwa aka sa ƙarami mai haƙora 16, tafiyar takan kai mita 6, sai dai gwiwa ce ke biyan kuɗin ƙarin.

Wannan lissafi ba ya shiga kunnen dattijon da jikansa ya wuce shi a hanyar kasuwar Jega yana kaɗa masa ƙararrawa. Washegari yakan isa wurin mai gyara ya nemi mai haƙora 16, idan aka ce masa, "Baba, wannan ai na samari ne," sai ya amsa cewa tun ba a haifi uban mai gyaran ba yake taka feda, sannan ya hana a rage tsawon sarƙa don kada kuɗin aiki ya ƙaru.

A kan kwalta komai lafiya lau, babbar riga na kaɗawa, buhun albasa na ɗaure a kariya. Da taya ta nutse a yashi feda takan cije, dattijo ya miƙe tsaye ya zuba mata ƙarfinsa duka, sarƙar da ta yi sako-sako ta zame, ƙafa ta taka iska, hula ta yi gabas, albasa ta yi yamma, awaki su taru ana kallon-kallo. Sa'arsa ɗaya ita ce Aliero, garin da ya shahara da masu ɗorin karaya, ba ta da nisa.

Sauri yakan haifi nawa. Wanda ya haura sittin ya nemi mai haƙora 20 ko 22, ya bari a daidaita masa sarƙa, ya kuma ƙyale jikansa ya wuce.