Ja Dai Ja Ne

Ranar kamun ƙanwata na rantse babu DJ ɗin da zai ci kuɗinmu a Tukur-Tukur muddin ina numfashi. Na aro amfilifaya wurin abokina, na ɗauko wufar Yaya tunda yana Kaduna, na jera su a tsakar gida. Sai na ga amfilifayar ba ta da ramin jona wufa, sai sukurorin lasifika, ja da baƙi. Ita kuwa wufar ramuka biyu gare ta, ja da fari. Na ce ja dai ja ne. Na yanke kan waya, na feƙe da haƙori, na murɗa a sukurori, na naɗe da salatif, yara na kallona kamar likita.

Ina murɗa ƙara wufar ta yi wani gurnani har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Daga nan tsit, sai wari. Goggo ta leƙo daga madafa ta ce, "Wace marar hankali ce ta bar wake ya kama?"

Washegari na kinkimi gawarwakin biyu a Keke sai PZ. Mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Maigida, wa ya yi wannan aika-aika?" Na ce wani yaro ne.

"Yaron nan ba shi da imani," in ji shi. Wufar nan da injinta a ciki, ramukan nata bolt 1 ko ƙasa da haka suke jira. Amfilifaya mai wat 100 kuwa takan tura wa lasifika mai om 8 kusan bolt 28. Jariri aka shayar da mesar 'yan kwana-kwana. Ita ma amfilifayar ta tafi, don a irinta baƙin sukurin ma wuta yake ɗauke da ita, yaron ya haɗe shi da jikin wufar. Ya nuna mini resista biyu, mai om 10,000 da mai 1,000, da za su rage ƙarfin sau 11. Kuɗinsu bai kai na koko da ƙosai ba. Na taya shi zagin yaron sosai.

Kamu dai da kiɗan ƙwarya aka yi shi, tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga mai armashi irinsa ba. Goggo ta laƙaba mini Injiniya. Yaya zai dawo ranar Juma'a, ni kuma Alhamis zan tafi Giwa gaida Kaka.