Ranar Ƙauyawa a Angwan Iya

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu shirya biki a Keffi suka gano wata dabara: a sa wa talauci suna, a kira shi Ranar Ƙauyawa.

Tsarin ba wuya. Ba hayar zaure, tsakar gida ta isa. Ba kujerun roba, a shimfiɗa tabarmi a ce da gangan ne. A kwance wa kaka jerenta na langa da fanteka, a ciro tsohuwar atamfar da ta shekara a adaka tana warin kafur, amarya ta rambaɗa kwalli, ta sa ɗigo uku a kumatu. Abinci kuwa dambu da kwaɗon zogale da zoɓo a ƙwarya. Wanda ya tambayi soyayyiyar shinkafa da kaza, a tuna masa cewa a zamanin da muke kwaikwayo sai da Sallah ake ganinsu. Kiɗa ma an huta da mai na'ura: waƙoƙin Barmani Choge a waya, ko mata su kifa ƙwarya a ruwa su yi amadarsu.

A wani gida nan Angwan Iya, baƙi daga Abuja sun yi ta ɗaukar hoton murhun gawayi da fitilar ƙwai, suna yaba wa uwargida da iya ado. Baiwar Allah ta yi murmushi kawai. Gas ɗinta ya ƙare tun watan jiya, wuta kuma an ɗauke.

Sai dai a ƙirga langar kaka kafin baƙi su watse, don ita ba ta san wasa ba.