Shan Iska a Gidan Zu: Taƙaitaccen Bayani

Shan iska na Sallah al'ada ce ta mazauna birni, inda magidanci kan kwashi iyalinsa bayan la'asar ya kai su lambu don su huta, kowa kuma ya dawo gida a gajiye fiye da yadda ya fita. A Kano, babbar matattarar wannan al'ada ita ce Gidan Zu, lambun dabbobi da itatuwa da aka kafa a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, wanda aka sa wa gidan sunansa.

Shiri yakan fara tun azahar. Maigida kan sanar cewa ƙarfe huɗu daidai za a fita, wanda a lissafin iyali yake nufin biyar da rabi. A tsakani akwai ɗaurin ɗankwali, da ba ya zama a karo ɗaya, da cigiyar takalmin auta ƙafa guda, da yaran maƙwabta da kan bayyana a zaure cikin kwalliya ba wanda ya gayyace su. Sai ciniki da mai adaidaita sahu. An ƙera keken ne don fasinja uku, amma a makon Sallah yakan ɗauki tara, domin yaro ba ya shiga lissafi muddin akwai cinyar da za a ɗora shi.

A bakin ƙofa shekarun yara kan ragu. Yaron da aka yi wa faɗa jiya cewa ya zama saurayi, da an zo gaban mai tikiti sai ya koma ɗan ƙaramin da bai san komai ba.

Jerin tafiya yana da tsari. Maigida ne a gaba, cikin shadda mai sitati, hannaye a baya, yana taku kamar mai duba aikin kwangila. Uwargida na biye da jakar cincin da soyayyen nama, tana yaƙi da sabon takalmi cikin murmushi, domin ba a ɗingishi da kayan Sallah. Yara ba su da gurbi, suna ko'ina.

Babban ƙalubalen magidanci shi ne 'yan talla. Mai askirim, mai balan-balan da mai gugguru sun fi kowa sanin inda yaro zai ja birki. Jumlar da aka fi ji a lambun ita ce "Baba, saya min," amsarta kuma "Sai mun dawo." Gogaggen magidanci ba ya dawowa ta hanyar da ya bi.

Kallon dabbobi ba ya ɗaukar lokaci. Zaki yawanci barci yake yi, kuma shekara da shekaru na ihun yara sun koya masa cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse. Kura na zagaye, jimina na leƙe. A nan maigida kan zama malamin halittu, ya yi bayani da ƙarfin murya, har sai ɗansa na firamare ya karanta allon da ke jikin kejin ya gyara masa. Birai ne ke da 'yan kallo mafi yawa, musamman tun watan Yunin 2019, lokacin da labari ya bazu cewa goggon biri ya haɗiye kusan Naira miliyan 7 na kuɗin shiga. Daga baya gwamnan jihar ya ce babu goggon biri a gidan, amma har yau akwai masu tsayawa su ƙare wa cikin kowane biri kallo.

Ainihin aikin yammacin shi ne hoto. Akan nemi gindin bishiya mai kyau, a jera yara, a goge musu baki da gefen mayafi, a ce su yi dariya. Hoton farko wani ya rufe ido, na biyu auta na kuka, na uku baƙo ya gitta. Wanda ya yi kyau akan ɗora shi a WhatsApp nan take, domin dangin da ba su fita ba su san an fita. Sauran lokacin kuma na kallon juna ne: mata na ƙiyasta kuɗin leshin mata, maza na auna aikin wuyan rigar maza, dabbobi na kallon kowa kyauta.

Kiran magariba ne ke tashin taro. Akan ƙirga yara a ga saura ɗaya, a same shi wajen lilo. A waje kuɗin adaidaita sahu ya ninka, balan-balan ta fashe, uwargida ta riƙe takalminta a hannu tunda duhu ya rufa asiri. Idan maƙwabta suka tambaya yaya wuri, amsar ɗaya ce a kowane gida: "Alhamdu lillahi, mun huta sosai." Daga nan akan nemi man zafi.