Yadda Ake Fitar da Ankon Hoton Iyali a Lafiya Ba Tare da Zumunci Ya Yage Ba

A da, an sauko daga idi sai a jeru a tsakar gida, mai hoto ya ƙyasta, kowa ya kama gabansa. Yanzu kuwa sai da anko, kada dangin Abuja su gani a Facebook su ce kan gidan a rabe yake. Ga matakan bi ga wanda tsautsayi ya sa aka ɗora wa aikin.

1. Kada ka yarda a yi ƙuri'a. Ka jefa zancen launi a zauren WhatsApp na gida, ka tono wa kanka. Uwargida za ta ce ruwan goro, amarya ta ce ruwan toka, ba don tana son sa ba, sai don an riga ta faɗin ruwan goro. Kai maganar gaban Hajiya Babba ta yanke. Garin da sarkinsa, Mai Martaba Sidi Bage, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ne, ai mutanensa sun san hukuncin da ba a ɗaukaka ƙararsa.

2. Yi shawara da rana. Zafin Lafiya a watan Maris ba ya ga-maciji da baƙar shadda. Fara kuwa tana da maƙiya biyu: ƙurar da ɗan acaɓa zai kwaso maka tun daga Shabu, da yaron da ya ci doya da manja ya zo rungumar Baba. Zaɓi launin da gumi zai zauna a kai ba tare da ya tona asiri ba.

3. Sayi kayan a tashi ɗaya. Turmin atamfa yadi shida ne. Ƙirga matan gida, ka ƙara turmi biyu saboda Gwaggon Doma, wadda ta rantse ba za ta zo ba, kuma ita za ta fara sallama. In ka koma Kasuwar Zamani ta titin Jos neman ciko, za a ce waccan ta ƙare amma ga ƙanwarta. Kada ka karɓa. A hoto ake gane ba uwarsu ɗaya ba.

4. Yi hattara da “saya min, zan turo.” Bashin anko da kyauta, bambancinsu a suna ne kawai.

5. Ɓoye wa tela ranar. In Asabar ce, ce masa Asabar ɗin makonni biyu kafin ta. Duk da haka ranar za ka tarar da shi yana cewa aikin wuya kaɗai ya rage, wuta ce ba a kawo ba. Kada kuma ka tara ɗinkin gida duka a hannun mutum ɗaya, don in ya saɓa, a bar ku da wanda zai fito.

6. Bar wa kowa kansa. Nan Lafiyar Barebari ce, Kawu ba zai sauke zanna bukar saboda hoto ba. Surukar da ta yafo saƙin Tibi mai ratsin baƙi da fari, a ce mata ya yi kyau. Masu dogon ɗauri dai su koma baya, kada a wanke hoto a ga kallabi a inda fuskar Alhaji take.

7. A ɗauka bayan la'asar. Yara su ne ƙarshen sa kaya, kuma daga ɗaki sai gaban kyamara, ba a biyawa ta kicin. Kada a ɓata lokaci wajen roƙon Alhaji ya yi murmushi. Ko a hoton fasfonsa na Makka bai yi ba.

8. Tsara jeri da hikima. Tsofaffi a kujera, jikoki a tabarma, kishiyoyi kuma a sa Alhaji tsakaninsu, tazara daidai wa daida, domin za a auna. Waɗanda har yanzu ba su biya kuɗin anko ba, a karrama su da tsayuwa a can bakin layi, inda almakashi zai iya kaiwa.